Ba Irin Ciwona Ba Ne, Yaya Murtala

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ana shirin sallar la'asar, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Murtala Abubakar Tsiga, a wani asibiti a Funtua, bayan kwana tara yana jinya. Shekararsa arba'in da shida.

Yaya, ni ce Najiba, autarku. Yau kwana goma sha biyu da rasuwarka.

Mutanen Tsiga sun san ka da noman masara, amma abin da suka fi ambata a wajen zaman makoki shi ne shanun huɗarka. Maƙwabcinka Bitrus ya zauna a zaure yana hawaye, yana ba mutane labarin shekarar da sansa ya mutu ana gab da shuka. Bai roƙe ka ba. Da safe kawai ya tarar da kai a gonarsa ka riga ka yi kunya takwas, taka gonar ko taɓa ta ba ka yi ba. Ya ce da ya yi maka godiya, cewa ka yi, "Bitrus, ruwan da zai sauka ai bai san iyaka ba."

Ni kuwa raina ka ceta, da ikon Allah. Shekara biyu da suka wuce, kwana biyar da haihuwata, zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar ɗari, fitsari ya ɗauke mini. Kowa na cewa zazzaɓin jego ne. Kai ka ce a'a. Ka ɗora ni a babur, matarka Shafa'atu ta riƙe ni ta baya, har Funtua. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jinina, jiki yana yaƙi da ita har ya fara lalata kayan cikinsa da kansa. Sefsis suke kiran abin. Ƙodata ta taɓu, amma magani ya kama, na tashi bayan mako uku.

Wannan tashin nawa shi ne abin da yake hana ni sukuni yanzu.

Kututturen karan masara ne ya soke ka a ƙwauri kuna karyar masara. Ɗan ciwo ne da bai kai faɗin farce ba. Ka ɗaure da tsumma ka ci gaba da aiki. Bayan kwana shida ƙafar ta kumbura, jikinka ya yi zafi, ka fara kiran Shafa'atu da sunan wata. Da muka kai ka asibiti likita ya ambaci sefsis, wallahi har daɗi na ji. Na juya na ce wa mahaifiyarmu, "Tsohuwa, ki kwantar da hankalinki. Irin ciwona ne. Ba ga ni ba?" Ta yarda da ni. Kowa ya yarda da ni.

A rana ta huɗu Dakta Paul, wanda ya yi jinyata a wancan lokacin, ya kira ni gefe da takardar gwajin jininka a hannunsa.

"Malama Najiba, sunan ciwon ɗaya ne, amma ƙwayar ba ɗaya ba ce," in ji shi. "Taki irin mai zama a hanji ce, ta bi mafitsara ta hau, shi ya sa ta fi taɓa ƙoda, kuma maganin farko ya kashe ta. Tasa irin ta fata ce. Ta bi jini ta maƙale a ƙofar zuciya, tana watsa ƙurarraji cikin huhu. Kuma maganin da muka fara ba shi, ba ta jin sa."

Na ce, "To a canza mana."

Ya ce, "Mun canza tun safe. Sai dai ta riga mu nisa."

Daga ranar na riƙa kallon jikinka yana rufe ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya. Numfashi ya fara zama aiki, kai da kake wuni bayan garma ba ka haki. Yatsun ƙafarka suka yi baƙi. Idonka ya yi ɗorawa, aka ce hanta ta shiga ciki. Fitsarin da yake taruwa a leda ya yi ta raguwa, ni kuma na san ma'anar wannan fiye da kowa a ɗakin. Tsohuwa ta yi ta tambayata, "Ke ma haka kika yi, ko?" Na kasa ce mata a'a.

Ranar Litinin ka ɗan farfaɗo, ka gane ni. Ka ce, "Auta, an shigar da masarar?" Na ce an shigar. Ka ce, "Alhamdu lillahi." Ba ka ƙara magana da ni ba.

Na san ajali ne, Yaya, kuma ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma tsoro ya zauna mini. Jiya ɗanka Muhammad Awwal ya yanke a yatsa da reza, na wanke masa da sabulu har sau uku, ina taɓa goshinsa har ya fara yi mini kallon mamaki. Abin da ido ba ya gani ya kayar da namiji kamarka, kuma a fatar kowannenmu yake zaune. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ciwo ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, magana ta fara rikicewa, kada a kwana a gida, kada kuma a auna shi da na wani da ya warke.

Allah ya jiƙanka, Yaya Murtala. Allah ya sa wahalar kwana taran nan ta zama kaffara, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Shafa'atu, da 'ya'yanka Nana Khadija da Muhammad Awwal, da 'yan'uwa na Tsiga da Dandume da Malumfashi, da maƙwabta Musulmi da Kirista da suka tsaya mana. Tsohuwa, ki yafe mini alkawarin da na yi miki wanda ba nawa ba ne. Allah ya ba ki haƙuri, ya cire mana wannan fargaba, ya sa mu cika da imani. Amin.