Kawu Ilu da Tafkin Bayan Tudu

Duk wanda ya san Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, ya san saniyarsa ba ta shan ruwan da bai ɗanɗana ba. In aka sauke masa shanu daga arewa, kafin kasuwa sai ya kora su wajen garin Baguida, bakin wani ɗan tafki da tudun yashi kaɗai ya raba shi da teku. Ruwan daɗi ne, ga na gishiri yana ta ruri a bayansa. Sai ya durƙusa ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, sannan ya ce da shanun, "Bismillah."

Da na zaɓi tafkin don binciken kammala jami'a, na je da na'urar auna gishiri. Na auna sau uku, na ce wa Kawu wataƙila gishirin ya ɗan ƙaru.

"Wataƙila? Kai, ɗan nan! Shekara huɗu wataƙila ake koya maka? Tun ran Talata jar saniya ta faɗa mini!"

A dokar Kawu, ba a barin wurin da yashi a takalmi. Har limamin unguwarmu ta Zongo sai da Kawu ya sa shi ya kakkaɓe. "Malam, katangar tafkin ce za ka kai Zongo. Mayar."

Sai manyan motoci suka fara kwasar tudun don gini. Na wani babba ne a jam'iyya, wadda lokacin ita kaɗai ce, kuma har yau ban cika son kama suna ba. Kawu ya shimfiɗa buzu a gaban mota ya ta da nafila. Direba ya gaji da jira ya leƙo.

"Alhaji, raka'a nawa ce wannan?"

Kawu ya sallame. "Kai sawu nawa za ka yi?" Ya sake kabbara.

Jandarmomi ne suka ɗauke shi, har da buzun.

Da aka sako shi ya ce, "Kai mai takarda, rubuta suna kashe tafkin." Na yi kwanaki ina rubutawa ina gogewa, ƙarshe na rubuta cewa mai yiwuwa kwasar yashi ta ɗan shafi ruwan. Ya sa na fassara masa.

"Madalla. Ba mai kama ka. Ko tafkin ba zai gane da shi kake ba."

Damina biyu bayan nan teku ya fasa tudun. Kifayen karfasa suka taso matattu, bado ya ƙone, tsuntsaye suka ƙaura. Kawu ya daina kiwo, ya zauna ƙofar gida. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma ina jin da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da ban rubuta ba.