Moutari Ya Rufe Rabin Talabijin

Ranar da Moutari ya fara ganin ƙwallon Amurka, a shekarar da ya sauka Greensboro, dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Ga ƙarti a jere kamar bijimai, amma duk sun dafa ƙasa da hannu tun ba a busa usur ba. A filin kokowar Tahoua inda ya girma, wanda ya dafa ƙasa haka ai ya sha kaye.

"Oumou, zo ki ga ikon Allah," ya ce da matarsa. "Mutanen nan da faɗuwa suke fara wasa!"

Shekara tara bayan nan, a 2004, babu ɗan Nijar a garin da ya kai shi shaƙuwa da wasan. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya ne a wani sito da ke bayan titin Wendover. Labarinsa kuwa kowa ya haddace: ɗan kokowa ne a gida, saura ƙiris ya je gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1989, ciwon gwiwa ya hana shi. In ya zo wurin nan a labarin, sai ya shafa gwiwar hagu ya yi ajiyar zuciya.

Ƙwallon kanta ba ta dame shi ba. Mutum biyu kawai yake kallo, waɗanda ke tsayawa a ƙarshen layin tsaro, ɗaya dama ɗaya hagu. Shi 'yan gefe yake ce musu. Aikinsu su ture ƙaton da ya tare musu hanya, su kewaye shi, su kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. A wurin Moutari wannan kokowa ce da hular kwano. Kuma yana da yadda yake kallonta: sai ya ɗauko tawul ya rufe rabin talabijin na sama, ya kashe sauti, ya bar ƙafafu kaɗai.

"Kafaɗa tana ruɗin mutum," in ji shi. "Ni dai ku nuna mini inda yaro ke ajiye tafin ƙafarsa in an ture shi."

Mai kawo masa kaset shi ne Dachung, ɗan Jos mai karatun dakta a jami'ar garin, wanda ke aiki a ɗakin bidiyon ƙungiyar ƙwallon makarantar. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo, ya ci dambun Oumou da zogale, su zauna gaban tawul.

Wata Lahadi a watan Maris Dachung ya shigo yana haki, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Baba Moutari, sikawut zai zo ranar Alhamis! Daga ƙungiyar ƙwararru, mai duba yaran da za su ɗauka a zaɓen Afrilu. Koci ya ce in haɗa masa kaset na lamba casa'in da biyu."

Lamba casa'in da biyu shi ne ɗan gefe na farko, dogon ƙungiyar, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Jaridar gari ta buga hotonsa sau uku.

"Bon, to," in ji Moutari, yana haɗawa da Faransanci. "Na Cedric fa?"

Cedric shi ne ɗan gefe na biyu, lamba hamsin da bakwai. A ma'aunin ƙwararru gajere ne, ko da yake ya fi Moutari tsayi da kai guda.

"Ba a sa ni ba, Baba."

"Dakta, dogon nan ƙafafun zalɓe gare shi! In aka ture shi, miƙewa yake kamar mai shanya. Cedric kuwa ƙasa-ƙasa yake shiga, ƙugunsa a ƙarƙashin na abokin karawa, ƙafarsa ba ta taɓa harɗewa. Wallahi da a Tahoua ne, da makaɗa sun san sunansa. Haɗa kaset biyu ka miƙa."

"In na miƙa abin da ba a tambaye ni ba, ya zamana shirme, koci zai fitar da ni daga ɗakin bidiyo. Kuma aikin nan ne ke riƙe da karatuna."

"Maganata ce shirme?"

Oumou ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Shekara ashirin da aurensu, kuma 'yar unguwarsu ce tun a Tahoua.

"Baban Dalila," ta ce a hankali, "yaron nan kake zaɓa, ko kanka?"

Dachung ya duƙufa kan dambu kamar bai ji ba. Moutari kuwa ya ji maganar har cikin haƙarƙarinsa, don ya san abin da ta sani. Babu abin da ya taɓa samun gwiwarsa. A 1989 ya kayar da mutum huɗu a gwaji, amma da masu zaɓe suka jera su, sai suka dubi tsayinsa suka ɗauki wani dogo. Ya zo Amurka da ƙaryar gwiwa, ya yi ta shafa ta har shi kansa wani lokaci yakan ji tana masa tsami in ana sanyi. Yanzu tambayar ta tsaya masa a rai: idonsa ne ke ganin Cedric, ko tsohon haushinsa? In haushi ne, to zai jefa karatun ɗan mutane a rami saboda abin da aka yi masa shekara goma sha biyar da suka wuce.

"To a gwada ni," ya ce.

Oumou ce ta tsara gwajin. Dachung ya ɗauko kaset na wani wasa da Moutari bai taɓa gani ba. Ta sauke tawul ɗin har ƙasa da gwiwar 'yan wasa, ta danne shi da gwangwanin madara. Safa iri ɗaya, takalma iri ɗaya, ba lamba ba fuska. Dachung zai nuna ƙafafun ɗan gefe da yatsa, Moutari ya faɗi ko na ɗan kokowa ne. Karo biyar.

Na farko: "Wannan ya iya." Na biyu: "Kai, cire mini, dugadugansa sun tashi." Na uku: "Ya iya, dubi yadda ya kafa ta dama ya juya a kanta!" Na huɗu ya yi tsaki kawai. A na biyar sai ga Moutari tsaye, shayi ya zube a kafet.

"Mayar baya! Mayar! Kun gani? Taku uku, ya yi kamar zai fita waje ya faɗo ciki! Wannan shi ne Cedric, ko a mafarki na san shi!"

Oumou ta yaye tawul. Na farko da na uku Cedric ne. Na biyu da na huɗu dogon ne. Na biyar, wanda ya tayar da Moutari tsaye, lamba casa'in da biyu ce ɓaro-ɓaro a bayan rigar.

Dachung ya tuntsire da dariya har yana buga cinya. "Baba, zalɓenka ne fa!"

Moutari ya daɗe yana kallon hoton. Kunya ta kama shi, amma a ƙarƙashinta akwai wani daɗi da bai zata ba. Idon nan nasa bai san dogo ba, bai san gajere ba. Bakinsa ne ke da ƙiyayya.

"Na zalunci dogon," ya ce. "In ya ga dama ya iya. Amma sau ɗaya cikin uku yake ganin damar. Cedric kullum ne."

Dachung ya share hawayen dariya. "Wannan maganar zan iya tsayawa a kanta. Zan haɗa biyu."

Ranar Alhamis sikawut ɗin, wani farin dattijo mai kofin kofi a hannu, ya karɓi kaset na biyu ya jefa a jaka, ko kallon Dachung bai yi ba. Koci kuwa ya harari Dachung. Mako biyar Moutari yana ɗaga kaya a sito yana lissafin taku a ransa, har abokiyar aikinsa Lucia ta tambaye shi ko rawa yake koya, don ta gan shi yana juyi a kan ƙafar dama tsakanin kwalaye.

Zaɓen kwana biyu ake yi, zagaye bakwai. Ranar Lahadi, rana ta biyu, falon Moutari ya cika da 'yan Nijar, har da Alhaji Issaka da ya tuƙo tun daga Pleasant Garden shi da matarsa Fassouma, wadda ta ce ita dambu ya kawo ta. A zagaye na huɗu aka kira dogon. Moutari ne ya fara tafi, kuma da gaske yake.

Zagaye na biyar ya wuce, na shida ya wuce. Aka yi la'asar aka dawo. A zagaye na bakwai masu sharhi sun gaji, suna ta hirar wasu can daban, sunaye kawai ke wucewa a ƙasan allo, daidai rabin da Moutari ya saba kallo. Shi ya fara gani.

"Cedric! Ga shi nan! Hamsin da bakwai!"

"Ƙungiyar dattijon ce!" Dachung ya yi ihu. "Baba, ƙungiyarsa ce!"

Fassouma ta rangaɗa guɗa duk da ba ta san wanda aka ɗauka ba. Moutari ya yi tsalle ya dira tsakiyar falo, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar a fili, ya ɓarke da kirarin da rabonsa da shi tun Tahoua.

"Sai ni gajere na Oumou! In na shiga ƙarƙashinka, sai ka gai da ƙasa!"

Ya durƙusa ya miƙe, ya durƙusa ya miƙe, har sau biyar.

"Kai, Moutari, a hankali!" in ji Alhaji Issaka. "Gwiwar fa?"

Moutari ya tsaya yana haki. Ya dubi Oumou. Ita kuwa tana naɗe tawul, ba ta ko ɗago ba.

"Alhaji, gwiwata lafiyarta ƙalau, tun asali. Ba ciwo ne ya hana ni zuwa gasar ba. Ƙin ɗaukata suka yi, wai na yi gajarta."

Alhaji Issaka ya riƙe baki. "Shekara tara ina yi maka sannu a banza? Har man zafi na kawo maka daga Yamai!"

"Yana nan ban buɗe ba," in ji Oumou. "Ku matsa in zuba abinci."