Furen da na yanka a hoton ƙirjin Baba

Ina tsugune a tsakar gidanmu a Azare, reza a hannu, sai ga Goggo, ƙanwar Baba, daga Misau. Lokacin bai daɗe da rasuwa ba, wayar hannu ma sabuwar shigowa ce.

Hoton ƙirjinsa na asibiti nake yankawa, baƙar ledar nan mai tauri. Ta fi kwali: a huda siffar fure, a ɗora kan yadi, a dangwala fenti da soso, ba ta jiƙewa.

Goggo ta ɗaga ta a rana, ta ga haƙarƙari.

Ta ce, "Ke yanzu ƙirjin ubanki kike yayyankawa?"

Na ce, "Goggo, wannan ba Baba ba ne, ciwon da ya yi ajalinsa ne. Ya daɗe yana sa mu kuka. Yanzu aiki zai yi min."

Ta koma ko sallama babu. Ni kuwa na buga furen a labule, da rigunan filo, har bangon ɗakin Inna.

Yau na tsinci labulen a ƙasan akwati, furen bai koɗe ba, ni ma ban yi nadama ba. Da ku ne, ƙarƙashin katifa za ku adana ciwon?