Irin Shinkafar Baffa a Kantin Kwano

Da maigidana ya murɗa makulli ya tura ƙyauren, wari ne ya fara fitowa, irin na ƙullun da anka manta a tukunya. Baffa na Kurgu, ƙanen ubansa, yana tsaye a bayansa riƙe da igiyar jaki. Ruwa ya sauka, ya zo ɗaukar irin shinkafarsa.

Na ce, "Maigida, wanga wari ba na mushen ɓera ba ne."

Ya ce, "Ke, rufe mana baki."

Kantin nan shi ne ginin kwano na farko a Bagudo, bakin babbar hanya. Kamfanin Turawa ya gina shi tun ina ƙarama. Daɓen siminti, da 'yan tagogi can sama dab da rufi. Suna sayen gyaɗa da kaɗanya da fatu, suna sayar da gishiri da kananzir da atamfa. Har Dendawa na tsallako iyaka don shi. Ni a barandarsa nake tuyar ƙosai, maigida kuma shi ke gadi da ɗora buhu a sikeli.

Shekarar da anka ba mu mulkin kai, kamfani ya kwashe kayansa. Akawunsu ya bar wa maigida makulli, wai ya riƙa kula kafin a san yadda za a yi da ginin. Ba wanda ya sake waiwayowa.

To, namiji da makulli a aljihu sai Allah. Da kaka ta yi ya bi ƙauyukan Kurgu da Geza yana cewa rumbu abin zamanin da ne, wuta na cin sa, gara na cin sa. Ƙasa ta zama tamu, kanti ya zama namu, kowa ya kawo irinsa a ajiye masa a siminti. Bai nemi komi wajen kowa ba, suna yake so, kuma ya samu, don Sarkin Kanti sunka riƙa ce masa. Gobara ba ta daɗe da cin rumbunan mutane a Kurgu ba, shi ya sa Baffa ya yarda. Da ya yarda, saura sunka biyo.

Irin Baffa ba na kasuwa ba ne. Jar shinkafa ce da ya gada wajen ubansa, mai bin ruwa. In kogi ya cika fadama, ita ma ta miƙe wuya, ba ta nutsewa.

A cikin kantin akwai katakai shimfiɗe a ƙasa, a kansu kamfani ke jera buhuna. Mu duka mun ɗauka iyayin Bature ne, ko buhunsa ba ya zama a ƙasa. Maigida ya fid da su, kafinta ya yi mini gado da su. Na yi murna har da guɗa. Tagogin sama kuma ya kwaɓa laka ya liƙe su tsaf, don mu haka muke yi, in ka cika rumbun iri ka liƙe bakinsa, ba ka buɗewa sai damina. Kowa ya yaba masa. Rumbu fa a kan duwatsu yake zaune, iska na bi ta ƙarƙashinsa, kullum muna gani. Ba wanda ya tuna.

Da munka shiga ran nan da Baffa ya zo, buhunan ƙasa sun yi baƙi sun manne da daɓe. Na sama sun dunƙule, funfuna ta rufe su. Siminti ya jawo danshi, kwano ya yi ta gumi yana ɗiga, ba ta inda iska za ta shiga.

Wata Bafillata mai tallan nono ta leƙo ta toshe hanci. "Sarkin Kanti, burkutu kake jiƙawa a ɓoye?"

Anka fara dariya, anka ga fuskar Baffa, anka daina. Ya farke buhu ya damƙo, ya murza, abin ya zama gari a hannunsa. Ya farke wani. Sai da ya bi nasa duka.

Maigida ya durƙusa. "Baffa, wallahi ban buɗe ba ko sau ɗaya."

"Na gani, ɗana." Ya goge hannu a rigarsa. "Da wuta ce ta ci, da na ce daga Allah. Wanga kuwa da ƙafata na kawo shi."

Ya ja jakinsa ba komi a kai.

Maigida ya yi yawon neman irin nan. Ya je Kende, ya tsallaka wajen Dendawa. Duk mai shi a Kurgu a kanti ya zuba nasa. Ya samo wata fara, Baffa ya karɓa ya shuka, kogi ya zo ya haye kanta. Baffa bai zagi maigida ba, bai kuma sake taka gidanmu ba har ya rasu. Ni na fi son a ce ya zage shi, da ya huta. Maigida ya rataye makulli a ƙusa, ya daina bin babbar hanya, ta bayan gari yake zuwa masallaci.

Ginin ya ga tela, ya ga mai injin niƙa, daga baya awaki. Sai da na yi furfura, a ajin yaƙi da jahilci, wani malamin gona ya zo ya ce kada a ajiye buhu a siminti sai an sa katako. Mata na ta gyaɗa kai. Na ce, "Malam, ina ka shige tun tuni? Ni a kan katakon nake kwana."

Bara anka rushe kantin za a yi shaguna. Na dogara sanda na je. Da sunka kai ga tagogin sama, lakar tana nan, da shatin yatsun maigida a jikinta. Na ce wa magini ya miƙo mini. Ya miƙo, ta ruguje a hannuna.