Abin da Ke Cikin Baka-Biyu

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kowa a Gyadi-Gyadi ya zama ɗan siyasa, ban da ni da abokina. Mu muna wani shagon kwamfuta a bakin titin Zariya, muna fama da aikinmu na kammala makaranta: shirin da zai riƙa fitar da lokutan sallar Kano. A gaskiya shi ke rubutawa. Ni aikina sayo gurasa da gyaɗa kai.

Abin da ake rubutawa a yaren Pascal, kwamfuta ba ta jin sa kai tsaye. Sai an miƙa wa kompaila, wani shiri da ke bin rubutun kalma-kalma, ya duba ko an bi ƙa'ida, sannan ya juya shi zuwa sifili da ɗaya, harshen da injin ke ji. Ka manta ɗigo guda, ya ƙi motsi, ya bar ku kuna zare ido. Amma duk abin da ka sa cikin baka-biyu, ko kallonsa ba ya yi. An tanadi wurin ne don mai rubutu ya bar wa 'yan'uwansa bayani.

Abokina ya mai da wurin zauren hira da mahaifiyarsa, wadda shi kaɗai ta haifa. Tsakanin lissafin azahar da na la'asar sai ka ga ya rubuta da Hausa: Inna, a nan ne kike cewa in tashi in ci abinci.

"Kai, malam zai gani fa," na ce masa.

"Ya gani mana. Wannan tsakanina da tsohuwa ne."

Muna dab da gamawa, mota ta buge acaɓar da ya hau. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki, Inna ta aika a kira ni gidansu a Tarauni. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini diskit, ɗan faifan ajiya na kwamfuta.

"A aljihunsa aka samu. Ya sha gaya mini wai ina ciki. Ɗana, ka je ka karanto mini abin da ya ce."

Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne. Da bakina na faɗa, har da murmushi.

Da na je shagon, mai shago ya ce cutar bairos ta shiga kwamfutar, an wanke ta tas, har da aikinmu. Na sa diskit ɗin. Gamammen shirin ne kawai a ciki, wanda kompaila ya riga ya juya; ashe shi zai kai wa limamin unguwarsu ya gwada lokutan. Ainihin rubutun babu. Na buɗe cikin shirin, lambobi ne jere babu iyaka. Na garzaya wurin malaminmu, ya saurare ni har na gama.

"Ka taɓa ganin an mai da gari gero?" ya ce. "Lissafin ma da ƙyar a tsinto wani abu. Abin da ke cikin baka-biyu kuwa tun a bakin ƙofa aka zubar da shi. Bai taɓa shiga ba."

Na koma Tarauni. Na fara yi wa Inna bayani da manyan kalmomi, ta ɗaga mini hannu.

"Shi injin, me ya sa ya zubar?"

"Ba don shi aka rubuta ba, Inna. Don mutum ake rubutawa."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ya taɓa bugo shi a takarda ya kawo, wai in zauna ya karanta mini. Na ce masa tuwona na kan wuta, ya bari sai an jima. Ya tafi da takardar, ban sake ganinta ba."

Ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi, ita ke ba ni haƙuri.

Yanzu ni ke koyar da wannan fanni, kuma baƙin cikin bai tafi ba, ya dai sami wurin zama. Duk shekara sai na iso darasin da ke cewa kompaila na watsar da waɗannan bayanai domin ba su da amfani ga injin. Gaskiya ne, kuma ina faɗa wa ɗalibai haka. Sai dai daga nan nakan juya ga allo, in daɗe ina gogewa kafin in iya juyowa.