Foraj ɗin da Aka Ce Lafiyarsa Lau

Mun tashi daga Gure ana fitowa sallar asuba, a kat-kat, motar shiga rairayi ta meri, wato ofishin magajin gari. An sa ni ne a madadin ƙungiyarmu ta mata, in raka ma'aikata biyu da aka turo daga Damagaram su auna aikin hukuma a kan ruwan sha. Na yarda don cikin ƙauyukan gefen Kelle akwai wanda 'yata ke aure. Foraj ɗinsu, wato rijiyar burtsatse, ya mutu tun damina, kuma abin da mutanen nan suka rubuta shi zai sa a gyara ko a bari.

Hanya rairayi ce zalla, mota na nitsewa muna turawa, har ni da tsufana. Mai shayin da muka tsaya wurinsa ya tsuga kuɗi kamar da zuma ya dafa. Ma'aikatan kuwa musu suke tun daga tasha. Dogon cikinsu ya ce a ƙirga foraj ɗin da aka gina, tunda mutum na iya ƙarya. Ɗayan, mai tabarau, ya ce a'a, a tambayi jama'a gida-gida, su ke shan ruwan.

Da muka isa ƙauyen 'yata, dogon ya ga foraj a tsaye, ya ɗauki hoto, ya ƙirga shi. Ko taɓa shi bai yi ba. Mai tabarau ya shiga gidaje. Kun san halinmu da baƙo: a shimfiɗa tabarma, a dama fura da ruwan da aka ɗauko a jaki daga nesa. Ya tambayi maigida yaya ruwa, ya ce sai godiya. Gida bayan gida haka. Har 'yata, ƙafa duk faso don zaryar rijiya, ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau.

Na ce, “Ke, faɗa masa mana!”

Ta ce, “Inna, baƙo ne fa, ga surukina zaune.”

Na faɗa masa da bakina cewa foraj ya mutu. Mai tabarau ya ce, “Hajiya, ba kya cikin waɗanda aka zaɓa a tambaya, ba zan iya rubuta naki ba.”

A komowa sun shirya, har da tafawa, wai hanyoyinsu biyu sun ba da amsa guda: ƙauyen na da ruwa.

Na ji haushinsu, amma haushin namu ya fi. Mata, in mai tambaya ya zo, ku karɓe shi da mutunci, sannan ku faɗa masa abin da ya lalace, ko gaban wa ne. Bana kam ba za a gyara foraj ɗin nan ba, kuma har da bakin 'yata aka hana.