Ranar da Na Wanke Turancin Yaya Sule

Wata Laraba ce, an yanke gero ba a taɓa dawa ba, ina da shekara tara, na zauna a bayan rumbu a gidanmu na Rurum na jiƙa littafin mutane a ƙwarya. Da hannuna, ba wanda ya aike ni.

Yayana Sule shi kaɗai ne ɗan boko a gidan. Yana aji bakwai a Rano, saura kwana goma su yi jarrabawar shiga sakandare, Baba kuma ya riga ya yanke magana: in ya ci ya wuce, in ya faɗi ga garma can tana jiransa. Lissafi bai dame shi ba. Turanci ne ya sha masa kai, wajen da Turawa ke ɗaukar kalma ɗaya su yi ta sauya mata wutsiya. Ina niƙa, yana gefe yana fama. Wai "tek" ɗauka ne, to madalla. A liƙa masa "of" ya koma tuɓe riga, ya kuma koma tashin jirgi. A sa "afta", wai ɗa ya yi kama da ubansa. A sa "oba", an karɓe mulki! Inna tana tankaɗe ta ce, "Mutanen da ba sa tsayawa kan magana ɗaya, wa zai ba su amana?" Malaminsu, Malam Habu, ya ga yaron yana ƙoƙari, sai ya ara masa littafinsa na kwana uku, wanda ya rubuta irin waɗannan kalmomi a ciki da alƙalamin tawada tun yana makarantar horon malamai.

Ni kuwa abu ɗaya na sani. In karatu ya ƙi zama a kan yaro, rubutu ake yi a allo a wanke ya sha. Na sha, ƙannena sun sha, ba wanda ya mutu. Da na ga Yaya ya dafe kai yana share hawaye da bakin riga, na ce a raina manyan nan duk ba su da dabara. Yana fita kai wa shanu harawa na zaro littafin daga ƙarƙashin tabarma, na yi bisimilla, na dinga yago takardun ina murzawa a ruwa. Ruwan ya yi shuɗi kamar na marina. Takardun na shanya su a kan danga, fari fat, ina jin daɗin aikina.

Da Yaya ya dawo, har durƙusawa na yi na miƙa masa ƙwaryar da hannu biyu. Ya dubi ƙwarya, ya dubi danga. Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni. Zama ya yi a ƙasa kamar an zare masa laka, bakinsa a buɗe. Inna ta saki rariya tana salati: "Turanci kika wanke, Hansai? Da bisimilla?"

Baba ya ce, "Kayan aro mayarwa ake yi." Ya sa aka juye ruwan a gora. Washegari muka kama hanyar Rano a ƙafa, shi a gaba, Yaya a tsakiya, ni a baya da gora a ka. Malam Habu ya cire marfin ya leƙa. Ya ce, "Wahalar shekara huɗu ce a nan ciki." Ya tambaye ni dalili, na ce don Yaya ya ci. Bai zage ni ba. Ya je gindin darbejiya, inda ƙafa ba ta takawa, ya tsiyaye a hankali. Kwanakin da suka rage ya zaunar da Yaya yana faɗa masa abin da ya tuna, bai kai rabi ba.

Yaya Sule ya faɗi. Ko ni ce, ko da ma can zai faɗi, Allah ne masani. Noma ya yi har ƙarshen ransa, gyaɗa da dawa, bai taɓa ɗaga min maganar ba ko cikin faɗa.

Ni sai da na aurar da autata na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura a kaina. Kwanan baya na tambayi jikata wannan "tek" ɗin. Ta danna waya, kafin na gyara zama ga kalmomin sun zubo, sun fi na Malam Habu yawa, kyauta. Tana karantawa tana hamma. Na riƙe baki. A da mutum ɗaya ne ke da su a duk yankinmu, yaro na kuka a kansu. Yanzu na iya karatu, na ce ta bar min wayar, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda nake so in karanta wa ba ya nan.